Ayaba Aka Binne a Kabarin Babana

Anti Naliaka, don Allah ki taimake ni. Na rasa wanda zan faɗa wa wannan magana, domin duk wanda na sani a garinmu in ba danginmu ba ne to surukin danginmu ne, kuma a garinmu na bakin tafki magana ba ta kwana ba ta zaga gidaje ba. Ki yi haƙuri idan na yi ta kewaye-kewaye, hankalina ba a jikina yake ba.

Ni malamar firamare ce a Kisumu, amma 'yar Bunyala ce ta gundumar Busia. Mu uku ne wurin mahaifiyarmu, duk mata, ni ce babba. Babanmu, Mangeni, masunci ne. Ina 'yar aji biyu suka fita ɗaga raga wata safiya shi da ƙanensa, Baffa Oundo, sai Baffa ya dawo shi kaɗai a jiƙe, ya ce iska ta kifar da kwale-kwalen. Abin da nake iya tunawa shi ne koke-koke, da taron makoki, da kabari a bayan shinge ta gefen ruwa, inda ake ajiye wanda tafki ya ci. Duk Kirsimeti sai na share kabarin nan, in zauna in yi ta ba shi labarin abin da ya same ni a shekarar.

Gidanmu da gonarmu har yau da sunan Baba suke a takarda. Mama ta tsufa, gwiwa ta fara hana ta noma, 'ya'yan Baffa kuma sun soma irin maganar da kika san ana yi wa gidan da babu ɗa namiji. Bara suka matso da shingensu cikin rogonta. Bana ɗayansu ya ce mata wai da wasa, "Mama, ki ci gaba da ɗumama mana wurin." Ni ban ga abin dariya ba. Na je wurin wata lauya don a mayar da filin sunan Mama, ta ce ba abin da zai motsa a kotun gado sai da takardar shaidar mutuwar Baba.

Na ɗauka aikin yini guda ne. Na je ofishin rajistar haihuwa da mutuwa, na ba da sunansa da shekarar da ƙauyenmu. Ma'aikaciyar ta duba a kwamfuta, ta shiga ciki ta bi tsofaffin kundaye, ta ce in dawo. Da na dawo ta ce babu shi ko'ina. Ta kwantar min da hankali cewa mutanen karkara da yawa ba a rubuta mutuwarsu a kan lokaci, akwai rajistar waɗanda suka makara, in dai kawo takardar izinin binnewa da cif, wato hakimin yankinmu, ya bayar a wancan lokacin.

Na tafi gida na sami Mama tana juya ƙananan kifin da ta shanya. Na tambaye ta inda takardar take. Ta ci gaba da juya kifinta, ta ce, "Wa zai ba ayaba takarda?"

Anti, nan take na gane. Na san al'adar, wa bai sani ba? Idan tafki ya riƙe gawa, ana sare kututturen ayaba a binne a madadinta, don mamacin ya sami wurin kwanciya kada ya riƙa damun masu rai. Amma ban taɓa kawowa a raina cewa kabarinmu irin wannan ba ne. Kowa a garin ya sani, ni kaɗai nake durƙusa wa ayaba. Mama ta ce ranar da ake yi wa dangin mamaci askin makoki ta ƙi yarda reza ta taɓa kanta, da dattawa suka ce Baffa ya gaje ta ta zama matarsa ta ƙi, domin ba wanda ya nuna mata mijinta a mace. Sai ta ƙara da abin da ya fi tsaya min a rai. Ta ce ko kututturen ma ba ta gan shi da idonta ba. Baffa ne da wasu dattawa biyu suka kawo shi naɗe cikin bargo, aka hana mata matsowa. Dattawan nan duk sun rasu.

Lauyar ta ce tun da babu gawa, hanyar da ta rage ita ce kotu ta yanke cewa ya mutu, kuma alƙali zai so ya ji daga bakin wanda ya yi masa ganin ƙarshe. Ban san yadda aka yi maganar ta kai kunnen Baffa ba. Mutumin da bai taɓa taka Kisumu domina ba, sai ga shi a ƙofar makarantarmu da busasshen giwan ruwa a leda, wai tsaraba. Ya ce, "Haba 'yata, me zai kai ki kotu ina raye? Tsohon cif ɗinmu yana can wani tsibiri a cikin tafki, ya yi ritaya amma hannunsa bai manta rubutu ba. A ce zazzaɓi ne ya kashe babanki a gida, ke ki sa hannu a matsayin babbar 'ya, shi ke nan an wuce wurin. Ni da kaina zan tuƙa ki." Na ce zan yi tunani. Ya yi murmushi ya ce, "Yi tunaninki. Amma ki bar ruwa ya kwanta yadda yake. Mu da muke shigarsa mun san bai ƙoshi ba."

Bayan haka ƙanwata Taaka ta kira ni ta ce Baffa ya sauke buhunan siminti da yashi a gefen kabarin, wai zai karrama ɗan'uwansa. Duk shekarun nan ko dutse ɗaya bai taɓa ɗorawa ba. Mama ta ce in na sa ƙafa a kwale-kwalen nan ba ta yafe ba, in ƙyale musu gonar, gara ta ƙarasa ranta a ɗakin hayata. Na san ba daga zuciyarta maganar ta fito ba. Matar da ko kwana biyu ba ta iya yi a birni, in na raba ta da gidan nan na kashe ta.

Tsoro nake ji, Anti, kuma kunyar tsoron nake ji, domin mutumin nan shi ya riƙe mu a makaranta, shi yake kawo mana kifi lokacin da ba mu da kowa. Ko dai zalunci nake yi masa a zuciyata? In bi gajeriyar hanyarsa Mama ta sami filinta, ko in tafi kotu in tono abin da ban san girmansa ba?

Taki cikin damuwa,
'Yar Masunci, Kisumu

'Yata, zan fara da abin da ba ya jira: kada ki shiga kwale-kwalen nan. Ba ina cewa baffanki ya yi wani abu ba ne, ban sani ba, ke ma ba ki sani ba. Amma tafiyar da za a yi don ƙirƙiro takardar ƙarya ba ta da alheri ko da ruwa ya kwanta lumui.

Ki duba abin da ake so ki sa wa hannu. Bayanin ƙarya a rajistar mutuwa laifi ne, kuma sunanki ne zai zauna a kai, ba nasa ba. Duk garin sun san yadda babanki ya tafi. Ranar da 'ya'yan baffanki suka ga dama, mutum ɗaya zai tashi a kotu ya ce zazzaɓin ƙarya ne, sai rabon gadon ya rushe, aikinki ya shiga haɗari, mahaifiyarki ta koma inda ta fi yanzu rauni. Wannan hanyar ba za ta ba ta filin ba, aronsa kawai za ta ba ta.

Sai dai ki yi masa adalci. Mutumin da ya fita da yayansa ya dawo shi kaɗai, ya shekara ashirin da wani abu ana binsa da kallo, ba sai ya yi laifi zai ji tsoron tsayawa gaban alƙali ba. Binne ayaba ba laifi ba ne, iyayenmu sun yi shi don su sami inda za su kai kukansu. Simintin ma yana iya zama kunya ce ta taso masa a makare. Don haka kada ki zarge shi a gaban kowa. Amma maganar da ya yi miki a ƙofar makaranta ba maganar da uba yake yi wa 'ya ba ce. Ki faɗa wa lauyarki ita kalma da kalma, ki faɗa wa faston gidanku, kuma ki bari ya san cewa sun sani.

Gobe ki sa lauyar ta shigar da gargaɗi a kan filin a ofishin ƙasa, don kada a sayar ko a sauya suna a bayan idonku. Ki koma wurin rajista ki roƙi su ba ki sakamakon bincikensu a rubuce, domin rashin samunsa ma hujja ce a kotu. Ki sa a duba miki a Siaya, gundumar da ke maƙwabtaka da ku, ruwa ba ya sanin iyakar gunduma, wani lokaci inda gawa ta fito can ake rubuta ta. Ki tambayi 'yan sanda ko an kai rahoto a lokacin, ki duba littafin coci, ki nemi tsofaffin masuntan da suka fita nemansa. Doka ta yarda a ɗauka mutum ya mutu idan ya shekara bakwai ba a ji ɗuriyarsa ba, kuma da hukuncin kotu za a yi masa rajista ki karɓi takardarki ta gaskiya. Zai ɗauki lokaci, ba zan ɓoye miki ba.

Game da kabarin, kada wani daga cikinku ya taɓa shi da fartanya, kotu ce kaɗai take da ikon buɗe shi. Ki je wurin cif mai ci yanzu ki roƙa a dakatar da simintin har shari'a ta ƙare. Ki sa Taaka ta koma gida ta zauna da mahaifiyarku, kada a bar ta ita kaɗai, kada kuma a bar gidan ba kowa.

Abu na ƙarshe shi ne mafi nauyi, kuma ban ga kin ambace shi ba. Takardar da za ta ba mahaifiyarki gonar, ita ce za ta faɗa mata da hatimin gwamnati cewa mijinta ba zai dawo ba. Kafin ki shigar da komai, ki zauna da ita ki tambaye ta ko ta shirya jin haka. Ranar da alƙali zai faɗa, ki ɗauki hutu daga makaranta, ki zauna a gefenta ki riƙe hannunta. Allah ya tsare ku, ya bar ta a ɗakinta.

Anti Naliaka