Ina Zaune a Gefensa, Yana Cewa Na Gudu

Anti, don Allah ki taimake ni da shawara, kaina ya kulle. Ban taɓa rubuto wa jarida ba, ban ma san ta inda ake farawa ba. In kin ga ina zagaye-zagaye ki yi haƙuri, ko da baki haka maganata take.

Maigidana mai aski ne. Shagonsa na bakin titi, kujera biyu da babban madubi, kuma tsantseninsa a kan aiki har ya yi yawa. Ya sha bin mutum har bakin ƙofa da almakashi don ya hango gashi ɗaya ya miƙe a bayan kunne. Ni kuma ɗinki nake yi a gida. Yaranmu sun girma, autar ce kawai ta rage a gabanmu, tana makaranta. Watannin baya yana cikin yi wa wani aski sai mataji ya suɓuce daga hannunsa, baki ya karkace, ya zube ƙasa. A asibiti aka ce hawan jini ne ya taɓa masa ƙwaƙwalwa, ɓarin hagu ya shanye. Alhamdu lillahi ya rayu, magana ba ta tafi ba, ƙafar ma ta fara ɗaukarsa da sanda. Da a nan abin ya tsaya, da ba ki ji ni ba.

Ga abin da ya ɗaure min kai. In na kawo masa abinci, sai ya cinye rabin faranti, na dama, tas, ya bar na hagu kamar an ja layi, sannan ya ce na fara yi masa rowa. In na juya farantin sai ya yi murna, wai an ƙaro. Wata rana ya matsa sai ya gyara fuskarsa da kansa, na ba shi injin aski, na riƙe masa madubi. Anti, mutumin da gashi ɗaya ke hana shi sukuni, shi ne ya aske kunci ɗaya sumul, ya bar ɗayan buzu-buzu, ya kalli madubi ya gyaɗa kai. Na rasa dariya zan yi ko kuka, na shiga banɗaki na yi duka biyun. Na ce ko ido ne, aka auna, aka ce idonsa garau. To in ido lafiya lau, me ya hana shi gani?

Malamar gashi, wato wadda take koya masa motsa jiki a asibiti, ta yi min bayani. Ta ce ƙwaƙwalwar ce ta daina lura da duk abin da ke hagu, kamar babu wannan ɓangaren a duniya. Na ce to, amma wallahi har yau ban gama ganewa ba. Ta tambayi yadda ɗakinmu yake, ni kuwa na buɗe baki da alfahari na ce ai tun da muka dawo muka kwashe komai muka mayar dama, ruwa, rediyo, waya, kujerar baƙi, muka jingina gadon da bango ta hagu don kada ya faɗo. Sai ta dafe kai. Ta ce ai taya ciwon muka yi. Ta ce a ja gadon tsakiyar ɗaki, ni kuma tunda ni ya fi nema, in riƙa zama ta hagu ina yi masa magana daga nan, don dole ya koyi juyowa.

Na bi umarni. Na ja keken ɗinkina na kafa shi ta hagun gado, a nan nake wuni. Nan fa ake yin ta. Ina zaune, gwiwata na taɓa katifa, sai ya ɗaga murya yana kirana. In na amsa sai ya juya dama yana nemana a bakin ƙofa. Wani lokaci in na dage da kira, na dafa kafaɗarsa, a hankali zai juyo ya gan ni, ya haɗe rai ya tambaye ni ina na shiga tun safe. Wani lokacin ko juyowar babu.

Sai kuma batun babbar yayarsa, wadda ta goye shi bayan rasuwar mahaifiyarsu. Yaya muke ce mata gaba ɗaya. Kusan kullum tana zuwa, ta ja kujera ta dama ta zauna, ya gan ta, fuskarsa ta washe, su yi ta hira da dariya. Rannan ina zaune ina sa maɓallai a wata riga, da kunnena na ji ya ce mata tun da ya kwanta ba na zama wurinsa, sai dai ya ji ƙarar keke daga nesa, wai na gaji da shi. Har da hawaye. Yaya ta ɗago ta dube ni ta saman kansa, ta san sarai ina nan, amma sai ta ce ai laifina ne, wace irin mace ce za ta zaɓi ɓangaren da mijinta ba ya gani ta je ta laɓe. Na ce malamar asibiti ce ta ce in yi haka. Ta ce ai ba malamar asibiti yake aure ba. Bakin Yaya ba birki, kowa ya sani, amma na kasa cewa ƙarya ta yi. Yanzu ta fara maganar a mayar da shi gidanta wai ya huta, ƙannensa sun fara gyaɗa kai, shi kuma da aka tambaye shi bai ce a'a ba. Wannan rashin a'ar shi ya tsaya min a rai.

Da abin ya ishe ni na koma dama na ɗan kwana biyu. Kai, Anti! Ya riƙe hannuna, ya tsokane ni da sunan da yake kirana tun muna sabon aure, ya ce yau kam an tuna da shi. Na ji wani sanyi har cikin ƙashi. Da muka koma asibiti malamar ta ba shi takarda ya zana agogo, ya tattara lambobin duka ya cusa su a ɓari ɗaya. Kallona kawai ta yi, ban san me ta karanta a fuskata ba, ni dai na sunkuyar da kai. Muna dawowa na sake komawa hagu, ya sake fara kirana.

To ni yanzu tambayoyi ne cike da cikina. Wannan taɓin hankali ne? Don wani lokaci sai ya fashe da kuka a kan abin da bai kai ya kawo ba, har talla a rediyo. Kuma ya dage lafiyarsa ƙalau, gobe zai buɗe shago, mu ne muke tsare shi. Ƙwaƙwalwa tana warkewa kuwa, ko abin da ya mutu ya mutu ke nan? Maƙwabciyata ta ce in bai dawo daidai a watannin farko ba sai dai haƙuri, wani kuma ya kawo min labarin wata kwalbar magani mai wanke ƙwaƙwalwa. Ni kaina na fara tsoron kaina. Shekaranjiya na nemi almakashina har na gaji, ashe yana cikin firiji. Ko abin yana yaɗuwa ne? Na san tambayar wauta ce, amma na yi ta.

In na zauna dama ina da miji, amma an ce cutar sa nake yi. In na zauna hagu ina yi masa magani, shi yana ganin na gudu, ga Yaya na shirin ɗauke min shi. Don Allah, ina zan ajiye kujerata?

Taki,
Mai Keken Ɗinki

Sannu da jinya, 'yar'uwa, Allah ya ba ki lada. Bari in fara da mai sauƙin: ciwon nan ba ya yaɗuwa. Almakashi a firiji gajiya ce da ƙarancin barci. Ki sami mai karɓarki ki kwanta ki huta. In mantuwar ta ci gaba, ko kika ji komai ya fita ranki, ke ma ki ga likita, a auna jininki.

Ni ba likita ba ce, don haka na kai wasiƙarki wurin wata ƙawata da ke aiki da masu irin wannan ciwo. Ta ce abin da kika bayyana sananne ne ga waɗanda ciwon ya taɓa ɓarin dama na ƙwaƙwalwarsu. Ba hauka ba ne, kuma ba da gangan yake yi ba. Ido na kai saƙo, ƙwaƙwalwar ce ba ta kula da na hagu. Dagewar da yake yi cewa lafiyarsa ƙalau ita ma daga ciwon take, shi ya sa musu da shi ba zai kai ku ko'ina ba. Kukan kuwa yana iya zama daga ciwon, yana iya zama damuwar mutumin da sana'arsa ta kuɓuce masa rana ɗaya. Duka biyun akwai taimako, ki faɗa wa likitansa, kada kunya ta hana ki.

Batun warkewa, wurin da ya lalace ba ya komawa sabo, amma ƙwaƙwalwa tana koyon wasu hanyoyi in ana maimaita mata. An fi ganin saurin ci gaba a farko, gaskiya ne, sai dai ba a rufe ƙofa don watannin farko sun wuce. Iya inda zai kai, ba mai yi miki alkawari, duk wanda ya yi kuwa ki ji tsoronsa. Kwalbar nan ki bar wa mai ita, maganin hawan jini kada a yi fashinsa. Shago ya jira, kada ya riƙe reza a kan kowa sai masu duba shi sun yarda. In kika ga baki ya sake karkacewa ko magana ta rikice, asibiti nan take.

Yanzu kujerar. Malamar gashi tana da gaskiya. Yaya ma tana da tata, ko da ta faɗe ta da kaushi, don mutumin da ya yarda matarsa ta guje shi ba zai sami ƙarfin zuciyar horon juyowar ba. Inda nake ganin an sami tangarɗa shi ne kin ɗauki umarnin nan kamar hukunci, daga safe har dare. Ki koma wurin malamar ki faɗa mata duk abin da kika faɗa min, har hawayen. Ina kyautata zaton ba ta san a can kike wuni cur ba. Ku tsara lokacin horo daban, lokacin hira daban. Ƙawata ta ce ki tambayi malamar wannan dabarar: ki fara daga inda yake ganinki, ki ci gaba da magana kina zagayawa a hankali ta ƙafar gado, idonsa na binki har hagu. In kin ɓace masa ki ɗan dawo baya, ki sake.

Yaya kuma kada ki yi faɗa da ita. Ita ta goye shi, tsoro ne ke magana a bakinta. Ki roƙe ta ta raka ku asibiti, ta ga zanen nan da idonta, ta ji bayani daga bakin malamar. Sannan ki ba ta aiki. Tunda yana son muryarta, ita ma ta ɗauki rabonta na zaman hagu, haka yaranku, haka abokansa. Don me za a ce ke kaɗai ce ba a gani? Maganar ɗauke shi kuwa, ki ce a'a cikin ladabi, a gaban ƙannensa, ki ce gida a buɗe yake ga duk mai son taya ki jinya.

Rashin a'arsa kada ki riƙe shi a zuciya. Ya amsa ne bisa abin da ciwo ya nuna masa, wato ɗaki babu ke a ciki. Ki lura da abin da ya sa shi hawaye a gaban yayarsa: ba ƙafar ba ce, ba shagon ba ne, ke ce.

Don haka gobe da safe, kafin keke, kafin horo, ki zagayo ta dama, ki tsaya inda zai gan ki da kyau, ki gaishe da mijinki. Ki faɗa masa kina nan, ba inda za ki. Zai iya mantawa kafin azahar. Ki sake faɗa masa.

Allah ya ba shi lafiya, ya ƙara miki juriya, ya nuna miki ranar da zai juyo da kansa ya same ki.

Anti