Layi na Biyu a Kwamfutar Baba

Zuwa ga Yayata,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kina lafiya, ke da maigidan da yara. Ya ciwon bayan nan naki? Allah ya ƙara sauƙi.

Yaya, raina ne a ɓace, in ban faɗa miki ba wa zan faɗa wa? Kin tuna kwamfutar da na haɗa wa Baba bayan rasuwar Inna. Manhaja biyu na ɗora mata. In an kunna, baƙin allo ne yake fitowa da layi biyu, mutum ya zaɓa. Na sama na kowa ne, can jikoki suke wasanninsu. Na ƙasa na sa masa suna "Ɗakin Inna", na zuba saƙonnin muryarta duka a ciki kafin wayarta ta lalace, don kada yara su goge. Babu su a ko'ina sai can. Kullum da safe Baba yakan danna kibiyar ƙasa, ya saurari ɗaya yana shan shayi.

To, sai manhajar sama ta fara nauyi. Ni da na shekara goma sha ɗaya ina wannan aiki a ofis, ni da na haɗa ta da hannuna, Baba bai neme ni ba. Auta ya kira. Auta fa, wanda bai fi wata shida da fara koyon gyara a bidiyo ba! Gwanin naku ya sake ɗora manhajar sama sabuwa fil. Da aka kunna, babu baƙin allo, babu zaɓi, ta wuce abinta kai tsaye. Ɗakin Inna ya ɓace.

Ni dama sai ta ɓaci ake tunawa da ni. Shi ma ba Baba ne ya bugo ba, Auta ne.

Ga abin da ban faɗa musu ba. Babu abin da ya goge. Sabuwar manhajar ta danne ɗan wurin da allon zaɓin yake ne kawai. Ɗakin na nan, ƙofar ce aka toshe, kuma aikin minti goma ne da filash ɗina, ɗan abin ajiyar nan da ake soka wa kwamfuta. Amma na ce wa Auta abin da kamar wuya, ba kuma ni da sarari sai Asabar. Yau Laraba.

Na san za ki ce na cika riƙo. Ki faɗa. Tun muna yara, in Auta ya fasa kofi ƙuruciya ce, in ni ne sakaci ne. Sau nawa na kai Inna asibiti? Amma hoton Auta ne a fuskar wayar Baba. Kishi nake, ban ɓoye miki ba. Bari ya ji a jikinsa kwana uku, ko Baba zai gane wa ya iya, wa yake kwaikwayo.

A gaishe da yara da kyau.

Ƙanenki,
Sarkin Fushi, yadda kike cewa

Zuwa ga Yayata,

Assalamu alaikum. Ina fatan kun wayi gari lafiya, baya kuma ya yi sauƙi. Na ga amsarki. Zagin ya iso duka, babu wanda ya faɗi a hanya.

Jiya Asabar na je. Na tarar da Auta zaune a dakalin ƙofar gida, ya kasa haɗa ido da ni. Ashe tun Laraba bai shiga falo ba in Baba na ciki. Wallahi a lokacin daɗi na ji, Allah ya yafe mini.

Na sa filash, na tayar da kwamfutar daga cikinsa, na mayar da allon zaɓin inda yake. Ko minti goman bai cika ba. Layi biyu suka fito. Baba ya miƙa hannu da kansa ya danna kibiyar, sai ga Inna tana faɗan a sayo mata maganin sauro. Ya cire tabarau ya daɗe yana goge shi, sannan ya ce Allah ya yi mana albarka. Mana, Yaya, ni da wanda ya yi ɓarnar! Nan take abin ya sake taso mini, har na tambaye shi me ya hana shi kirana tun farko. Ya ce ni mai aiki ne, kuma duk sanda ya tambaye ni abu sai na yi tsaki na janye kwamfutar gabana. Auta kuwa yakan bar shi ya danna da kansa, ko da kuskure zai yi.

Sai kawai na hau tattara wayoyi. A ƙarƙashin kwamfutar na ga littafin rubutu irin na 'yan makaranta. Na buɗe, rubutun Baba ne. Tun Laraba yake zaune yana rubuta abin da ya tuna daga saƙonnin Inna, ɗaya bayan ɗaya, kafin su zube masa. Saƙo tamanin da huɗu ne a kwamfutar. Goma sha tara ya iya kamowa, wasu ma rabi, ya bar fili a tsakiya. A wani wurin ya rubuta, "A nan ta yi dariya."

Yaya, Auta na ɗana wa tarko, Baba ne ya kwana uku a ciki.

Na kwafe saƙonnin wuri uku, abin da ya kamata in yi tun bara. Na kira Auta ciki na nuna masa gyaran, na bar shi ya danna da hannunsa. Sau ɗaya tsakin ya zo mini, na haɗiye.

Har yanzu suna zaton wani babban aiki na yi. Da zan tafi Baba ya rako ni har bakin titi, abin da bai taɓa yi ba, yana ta ba ni haƙuri wai ya cinye mini ranar hutu. Shekara nawa ina jiran rakiyar nan, ga ta ta zo, na kasa ɗaga kai in dube shi.

Ki sa ni a addu'a. Gobe zan koma in faɗa masa gaskiya.

Ƙanenki