An Sallami Baba Fasto

Yaya Asabe,

Gaisuwa mai yawa daga Kawo. Ina gajiya, ina yara, yaya ƙafar Malam?

Maƙwabcinmu Baba Fasto, tsohon sojan yaƙin Jamus, ya rasu ranar Lahadi. Kin tuna in muka ce ya tsufa, ya bar wa'azi ya huta, sai ya ƙame ya ce soja ba ya barin bakin aiki sai an sallame shi? To, an sallame shi. Har Liman ya je ta'aziyya.

Jiya na yi mafarkinsa cikin kaki, saurayi fes, yana haye kogin Kaduna. Na kira shi, ya juyo ya sara mini, bai tsaya ba.

Ki gai da kowa. Ki sa matarsa a addu'a, har yau kowace safiya tana goge takalmansa.

Ƙanwarki,
Ladi