Yadda Aka Sauko da Mama Daga Saman Bene

Zuwa ga aminina, abokin bencin baya,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangiji. Ina fata kana lafiya, kai da yara da duk mutanen gidan da ka koma. Yaya gwiwar nan taka da take riga kowa sanin za a yi ruwa? Mu nan lafiya lau, sai godiya.

Nemi kujera ka zauna kafin ka ci gaba. Na zama kaka. 'Yata Auta ta sauka, an sami namiji. An sha wuya, sai da aka yi mata aiki, amma uwa da ɗa sun koma gida. Na ɗauke shi da hannun nan da guduma ta gama lalatawa, ya kama yatsana ya ƙi saki. Kunnuwansa nawa ne sak, Allah ya ba shi haƙuri. Idan ka ga rubutuna yana hawa da sauka, ba mantawa na yi da abin da Malama ta koya mana a ajin yamma ba, murna ce ta yi mini yawa.

Sai dai zuma ga zaƙi ga harbi. Mama, matar tawa, ta ƙi zuwa ganinsa.

Ka san surukina a ɗakin ajiye gawa na asibiti yake aiki. Can na san shi, lokacin da nake kai musu akwati idan an ba ni aikin. Yaro ne mai sanyin hali, ko da gawa ba ya yin gaggawa. Mama ta je ɗaurin aurensu a coci, amma tun daga ranar ba ta taka gidansu ba. Idan ya zo gaishe ta sai ta ɓoye hannu a cikin zane, kofin da ya sha ruwa da shi kuma a ware shi gefe. Na tuna mata cewa akwatunan gawar da na haɗa sun ciyar da ita shekara da shekaru. Ta ce katako daban, mutum daban.

Na zata haihuwar za ta karya ta. Ta saƙa wa jaririn riguna da safa, ta ninke, ta ba ni in kai. Fasto ya zo da kansa, ya karanta mata labarin Bitrus: yadda ya hau soro yin addu'a, ya fita daga hayyacinsa, ya ga an sauko da babban mayafi ta kusurwoyi huɗu cike da dabbobin da yake ƙyama, aka hana shi kiran abin da Allah ya tsarkake da sunan ƙazanta. Mama ta saurara har ƙarshe. Sannan ta ce ai shi ma Bitrus ba wa'azi ne ya tashe shi ba, nuna masa aka yi. In Allah ya nuna mata kamar yadda ya nuna masa, za ta tafi da ƙafarta. Fasto ya shanye ruwansa ya yi sallama.

To kai da ka zama dattijon ikilisiya, kana koyar da manya nazarin Littafi, ka faɗa mini: shi wahayi ana ba da odarsa ne kamar yadda ake ba ni odar kujera?

Ka gaida kowa da kowa.

Naka har kullum,
Kafinta, wanda yanzu ake ce wa Kaka


Zuwa ga aminina,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina fata gwiwar ta yi sauƙi. Amsarka ta iso, na gode. Na karanta wa Mama inda ka ce wahayi kyauta ne, ba ladan aiki ba, kuma mai bayarwa shi yake zaɓar lokaci. Ta ce in gaishe ka, ta kuma ce ba ta manta ba kai ne mai leƙa takardata ranar jarrabawa.

Abin ya ci gaba. Ka tuna benen da muke haya, da matsattsen matakalan nan mai kwana a tsakiya, da saman da kowa yake shanya kusa da tankin ruwa? Can Mama take hawa kullum da tsakar rana. Ta shimfiɗa tabarma a ɗan inuwar tanki, ba ta sa komai a bakinta tun safe. Na ce mata Bitrus ba azumin neman wahayi yake yi ba, yunwa kawai yake ji ana dafa masa abinci a ƙasa. Ta ce yunwa ai yunwa ce.

Tun da ba ni da yadda zan yi, sai na koma ga Littafin, da yatsa a ƙarƙashin layi kamar dā. Na bi mutanen da abin ya same su, ban sami ko ɗaya da ya je nema ba. Bulus addu'arsa yake yi a Haikali, abin ya zo masa, aka ce ya tashi ya bar garin. Wani karon ma bai san ko yana cikin jikinsa ko ba ya ciki ba, kuma ya daɗe bai faɗa wa kowa ba. Daniyel ƙarfinsa ƙarewa ya yi, ya kifa da fuska, har ya yi jinya. Yohanna faɗuwa ya yi kamar matacce. Ashe ba abin marmari ba ne.

Abu biyu suka tsaya mini a rai. Waɗanda suka faɗi ba a bar su a ƙasa ba, sai da wani hannu ya taɓa su ya tashe su. Sannan ba a bar kowa a inda ya ga abin ba, aikensa aka yi wurin mutane. Bitrus bai gama tunanin mayafin ba, ga baƙi a ƙofar gida suna tambayarsa. Ni kafinta ne, ka yi mini afuwa, amma a ganina wahayi kamar ƙofa yake. Ban taɓa sa wa mutum ƙofa don ya zauna yana kallonta ba.

Baƙin Mama kuwa sun daɗe da isowa. Surukina yakan zo kullum idan ya sami hutun rana, ya tsaya a ƙofar gida kusa da rumfata, ya tambayi jikinta, ya juya. Ba ya hawa. Na ce mata ga 'yan aikenta a ƙasa. Ta ce kada in birkita mata Littafi, wahayi ne a gaba, ƙofa a baya.

Ina ba ka labarin da dariya, amma raina ba daɗi. Ɗinkin Auta yana damunta, maƙwabciya ce take yi wa yaron wanka. Duk sanda na shiga sai ta kalli bayana kafin ta kalle ni. Jiya ta ce in daina ce mata mura ce take damun Mama. Ta ce in har uwarta ba za ta iya shiga gidan mijinta ba, to ɗan mijin nan ma ba zai taka namu ba. Ba da faɗa ta faɗa ba, shi ya sa na tsorata. Taurin kan nan na san inda ta gado shi.

Duk da haka ban fid da rai ba. Shekaranjiya na hau ɗauko igiya, na tarar da Mama ba sama take kallo ba. Layin su Auta take kallo, da wata 'yar hula a cinyarta wadda ta hana ni kaiwa.

Ka sa mu a addu'a. Gaisuwa ga yara.

Naka,
Kafinta


Zuwa ga aminina, abokin bencin baya,

Alherin Ubangiji ya kasance tare da kai da iyalinka. Ina fata kuna lafiya. Wannan karon ba sai ka nemi kujera ba, in ka ga dama ka tashi ka taka, gwiwar za ta yafe maka.

Ranar da abin ya faru ina rumfa ina goge ƙafar gadon jariri, rana ta take, sai na ji ihun matar tela, maƙwabciyarmu, daga sama. Ban san yadda na hau matakalan nan ba. Na tarar da Mama kwance a gefen tanki, ido rabi a buɗe, ba motsi. Matan gidan sun taru. Wata ta ce kada a taɓa ta, Ruhu ne ya sauko mata, abin da take jira ya zo. Wata kuma ta riga ta ɗora hannu a ka tana kuka. Ni na durƙusa ina kiranta da sunan da ban kira ta da shi ba tun muna saurayi da budurwa, ban iya komai ba.

Surukina yana ƙofar gida kamar kullum. Da ya ji ihun sai ya hau, ba tare da an ce ya hau ba. Ya ratsa matan, ya sa yatsu a wuyan Mama, ya kara kunne a hancinta. Sannan ya ɗago ya ce mini in kwantar da hankalina, wannan ba tasa ba ce, nasa mutanen ya san su. Tana numfashi, a yi maza a kai ta asibiti.

Saura saukowa. Ka san kwanar matakalan nan, kabad ma sai na kwance shi nake wucewa da shi, ka kuma san Allah ya yi wa Mama jiki. Yaron bai yi wata-wata ba, ya fizgo zanin gadon matar tela daga igiya, ko gama bushewa bai yi ba. Ya mirgina Mama a kai a hankali, ya ba ni kusurwa ɗaya, tela ɗaya, direban da yake ɗakin ƙasa ɗaya, shi ya riƙe ta wajen kanta. Yana faɗa mana inda za mu sa ƙafa, muna bi kamar 'yan aji.

A daidai kwanar ta buɗe ido. Ta kalli farin zanin da ya kewaye ta, ta kalli hannuwanmu a kusurwoyi, ta ɗaga ido ta ga fuskar da ke bisa kanta. Ni ne na kusa sakin tawa kusurwar.

Likita ya ce yunwa ce da zafin rana, sukarin jininta ya yi ƙasa. Aka sa mata ruwa. Da ta dawo daidai, surukina ya kawo shayi da burodi, ya tsaya nesa yana neman wanda zai miƙa mata. Ta daɗe tana kallon kofin. Sannan ta fito da hannu daga cikin zane ta karɓa daga hannunsa, ta sha, ta ce sukarin ya yi yawa.

Matan zumunta sun zo dubiya da ɗokinsu, kowa tana so ta ji abin da aka nuna mata. Mama ta ce ba ta ga komai ba sai duhu, yunwa ce ta kayar da ita. Suka tafi jiki a sanyaye. Bayan sun fita ne ta ce mini, duk tsawon zamanta a sama ta ɗauka ita ce Bitrus, tana tsaye za a sauko mata da mayafi ta leƙa ta ga ƙazantar wasu. Bai taɓa zo mata a rai ba cewa ita za a sa a ciki. Ta ce kuma babu wanda ya tsaya tambayar ko tana da tsarki kafin a ɗauke ta, hannun da ta yi ta gudu shi ya nemo ranta a wuyanta.

Ban sani ba ko za ka kira wannan wahayi, kai ne malami. Lokacin da ta fita daga hayyacinta ba ta ga komai ba, sai da ta dawo ta gani. Amma na lura shi ma Bitrus bai gane mayafinsa a kan soro ba, sai da ya shiga gidan sojan nan da ya aika a kira shi, ya ga mutane zaune suna jiransa.

Da aka sallame ta, direba ya kama hanyar gida, ta ce ya juya. A ƙofar su Auta ta ɗan tsaya, ta tuɓe takalmi, ta yi sallama. Abin da ya biyo baya ba zan iya rubutawa ba, takardar za ta jiƙe. Sun yi kukansu, ni ma na taya su daga waje. Ba a jima ba na ji muryar Mama tana faɗa wai wane ne ya naɗe yaro haka kamar za a aika shi a mota. A nan na san lafiya ta samu.

Tun ranar tana can. Ta sa wa jaririn hular, tana kiransa maigidanta, ni kuwa an sake ni ba ko takarda, ni nake dafa wa kaina. Matar tela ta zo neman zaninta, Mama ta ba ta nata sabo ta riƙe wancan. Shi aka ninke aka shimfiɗa a gadon da na gama.

Jiya na kai musu ziyara daidai lokacin da surukina ya dawo daga aiki. Ya tsuguna a bakin ƙofa zai wanke hannu kamar yadda ya saba kafin ya shiga. Mama ce ta fito da buta. Tana zuba masa ruwa tana cewa, yi sauri, ɗana, abinci yana hucewa, ga maigidana kuma tun ɗazu yake cigiyar ubansa.

Ka zo ka ga kunnuwan nan da idonka tun kafin su fi nawa. Mama tana gaishe ka, ta ce ta yafe maka leƙen takarda.

Naka cikin farin ciki,
Kafinta, kakan mai kunnuwa