Abin da Alƙali Ya Faɗa Ƙasa-Ƙasa

Litinin, 3 ga Maris

Mutum talatin da ɗaya yau kafin azahar. Muryata ta dishe. Shekara shida ina tafinta a kotun ƙananan laifuka, amma har yanzu duk Litinin sai in dawo gida kamar wadda aka yi wa duka. Alƙali ya faɗa da harshen kotu, in juya wa mutum da harshenmu. Mutum ya amsa, in juya wa alƙali. Ba ƙari, ba ragi.

Alƙalinmu Agogo muke kiransa a bayan idonsa, don ya fi kallon agogon bango a kan fuskar wanda ke gabansa.

Wani dattijo mai walda ya tsaya mini a rai. Fitilar bayan motarsa ta mutu, takardar motar kuma ta wuce da kwana goma sha biyu. An ci shi tarar ɗari huɗu. Ya ce tamanin ke aljihunsa, a yi masa haƙuri zuwa ƙarshen wata. Agogo ya ce tunda ba zai iya biya yau ba, a riƙe lasisinsa, a sa shi ƙarƙashin sa ido na wata shida. Sa idon ma ba kyauta ba ne, hamsin duk wata, kuma duk Talata ƙarfe goma ya je ofishinsu ya sa hannu. Watau don ba shi da ɗari huɗu, zai biya ɗari bakwai.

Da bakina na faɗa masa. Ni ya kalla, ba alƙali ba. "'Yata, na ce ba ni da shi, shi ne aka ƙara mini?" Na juya tambayar. Agogo ya ce a kira na gaba.

Mutum uku bayansa sai ga wani likitan haƙori daga unguwar tudu, farar fata, da lauyansa a gefe. Tasa takardar ta wuce da wata huɗu, ga gudun wuce ƙima. Suka yi raha da alƙali a kan wani haƙori da ke damunsa. Gargaɗi kawai. Ko sisi bai ajiye ba.

Talata, 4 ga Maris

Na ba Inna labari muna wanke-wanke. Ta ce, "Ke dai ki riƙe aikinki. Alƙalin ke ce?" Gaskiyarta. Kuma tsakani da Allah mutanen unguwarmu su ma suna jawo wa kansu. Ka sabunta takardarka a kan lokaci mana. Ni ban taɓa bari tawa ta wuce ba.

Sai dai likitan ma tasa ta wuce. To.

Talata, 18 ga Maris

An tura ni ofishin sa ido, tafintarsu ba ta da lafiya. Ɗaki ne dogo a saman wani kantin tayoyi, kujerun ƙarfe a jere, fanka ɗaya ce ke aiki. Wajen mutum arba'in suna jira, kusan duka baƙar fata. Ban yi niyyar lura ba, idona ne ya gani.

Mai walda yana cikinsu da rigar aiki. Ya gane ni, ya miƙe ya gaishe ni, ni da ban wuce 'yar cikinsa ba. Kunya ta kama ni. Mota biyu yake hawa kafin ya iso tunda an riƙe lasisinsa, mai garejin da yake wa aiki kuma yana yanke masa rabin yini duk Talata.

Awa biyu ya jira. Jami'in da ke bayan gilashi tambaya ɗaya ya yi masa: ka kawo kuɗi? Bai tambayi aiki ba, bai tambayi ko an gyara fitilar ba. (An gyara tun washegari, ya nuna mini rasit, ba wanda ya nema.)

Da zai fita ya ce mini, "Sa ido suka ce, amma ba ni suke sa wa ido ba, aljihuna ne." Na yi dariya, jami'in ya ɗago kai, na haɗiye.

Laraba, 2 ga Afrilu

Mutum ashirin da huɗu yau. An yi wa biyar gargaɗi. Ba ko ɗaya a cikin biyar ɗin da ya buƙaci tafinta.

Alhamis, 3 ga Afrilu

Akwai wata takarda da mutum zai cika ya roƙi kotu ta duba ƙarfinsa kafin a yanke masa tara. Tana cikin durowar magatakarda, ta biyu daga ƙasa. A shekara shida sau uku na ga an fito da ita, duka ukun lauya mai zaman kansa ne ya nema. Lauyar gwamnati da ke tsaya wa marasa ƙarfi ta san da ita, amma baiwar Allah fayil arba'in take rungumowa da safe, minti uku take samu da kowa, rabin minti ukun kuma ni nake cinyewa da fassara. Ni kuwa an hana ni ba da shawara. Rantsuwa na yi.

Kaina na ciwo.

Alhamis, 10 ga Afrilu

Wata dattijuwa ta tare ni a bakin ƙofar kotu, ta riƙe mini hannun riga. Matar mai walda ce. An kama shi jiya.

Ran Litinin tartsatsi ya shigar masa ido. Talata a asibiti ya wuni, bai je sa hannu ba. Ta kira ofishin sa ido sau huɗu, ba wanda ke jin harshenmu, aka riƙa kashe mata waya. Laraba 'yan sanda suka je gareji suka sa masa ankwa a gaban abokan aikinsa, da bandeji a ido. Ana kukan targaɗe sai ga karaya.

Ta miƙo mini takardar asibiti ta ce in kai wa alƙali. Na ce, "Mama, ki yi haƙuri, an hana ni magana da ku a wajen kotu. Ki ba lauya."

Ta sake mini riga. Ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "To ai a cikin kotun ma ba maganarki kike yi ba, 'yar nan."

Na nuna mata ofishin lauyar da haɓa, kamar ɓarauniya, na shige.

Juma'a, 11 ga Afrilu

Ban yi wani laifi ba. Doka na bi. Me ya sa to abinci ya ƙi wucewa?

Laraba, 16 ga Afrilu

Bari in rubuta tun ban manta komai ba.

An kawo mai walda. Kwana bakwai a tsare. Ya rame, bandejin ya yi dauɗa, matarsa tana layin baya. Lauyar gwamnati ta miƙa takardar asibiti. Agogo ya karɓa da yatsa biyu, ya juya ta, ya ajiye. Sai ya yi abin da ya saba, ya sunkuyar da kai ya yi magana ƙasa-ƙasa wajen magatakarda: "Irin waɗannan mutanen kullum da uzuri. Suna da kuɗin waya, ba su da kuɗin tara. Da a ce za a kwashe su gaba ɗaya da mun huta."

Na sha jin irinta. Duk tafintoci mun san irin wannan ba a juyawa, kunne ɗaya take shiga ta fita ta ɗayan. Amma dattijon ya ga leɓen alƙali ya motsa. Ya juyo da idonsa mai lafiya ya ce, "'Yata, me ya ce?"

Sai na faɗa masa. Duka. Da muryar da nake juya komai, ba ɗagawa ba saukewa. Rabin ɗakin masu jin harshenmu ne. 

Agogo ya ce, "Me kika gaya masa?" Na ce, "Abin da kotu ta faɗa, ranka ya daɗe."

Mai walda ya ce yana da magana. Na juya. Ba a ba shi izini ba, ba a kuma hana shi ba. Ya ce shekara ashirin da biyu yana walda a garin nan. Ya ce ƙarfen tagogin gidan da aka tsare shi, da ƙofar baya ta wannan kotun, garejinsu ne ya yi, shi ya haɗa su da hannunsa, a je a duba ko akwai wanda ya saki. Ya ce wayar da ake magana ta matarsa ce, da ita ta kira sau huɗu aka kashe mata. Ya ce, "Ban ƙi biya ba. Ido na je ceto."

Na juya kalma-kalma. Wallahi ban taɓa fassara mai kyau kamar ta yau ba.

Lauyar ta miƙe, fayil biyu suka zube mata, ba ta ko duba ba. Ta nemi a rubuta maganar alƙali a kundin shari'a, ta nemi a mai da shari'ar gaban wani alƙali, ta nemi takardar durowa ta biyu. Fuskar Agogo ta yi ja har wuya. Ya ba da belin dattijon ba tare da kuɗi ba, ya ɗage zama, ya fita bai jira an ce a miƙe ba.

Na ɗauki jakata na fita.

Alhamis, 17 ga Afrilu

Shugabar ofishin tafintoci ta kira ni. Ta rufe ƙofa, ta ba ni ruwa, daga nan na san da magana. Ta ce alƙali da magatakarda yake, ba da wanda ake tuhuma ba. Na ce a takardar rantsuwa an rubuta duk abin da aka faɗa a zaman kotu, ban ga inda aka ce ban da na ƙasa-ƙasa ba. Ta ce, "Kin san abin da nake nufi." Na ce na sani.

Ba kora ba ce, in ji ta. An dai mai da ni kotun rigimar haya, kwana biyu a mako maimakon biyar. Da yini ake biyanmu. Ta ce hutu ne ma a gare ni. Hutu!

Asabar, 19 ga Afrilu

Sai yau na iya gaya wa Inna. Na shirya wa faɗa. Tana tsince shinkafa ta ce, "Shi alƙalin me ya ce daidai?" Na maimaita. Ta ci gaba da tsinta. Sai ta ce, "Kuma da ƙarfi kika faɗa, kowa ya ji?" Na ce eh. Ta ce, "To kuɗin wutar wannan watan ni zan biya." 

Litinin, 5 ga Mayu

Lauyar ta tsai da ni a matakala ta ba ni labari. Sabuwar alƙaliya ta soke sa idon, ta mai da masa lasisi, tarar kuma zai riƙa biya kaɗan-kaɗan. Minti goma aka yi. Minti goma! Abin da za a iya yi tun ran farko.

Hamsin ɗin da ya riga ya biya ba a dawo da ita. Kwana bakwai ba a dawo da su. Aikin ma ya tafi, mai gareji ya ɗauki wani tun yana tsare. Yanzu injin aro yake aiki da shi a ƙofar shagon wani amininsa. Idon ya warke amma yana ganin hazo.

Agogo yana nan a kujerarsa. An ce an aika masa wasiƙar jan kunne. Tafintan da ya maye gurbina ya ce alƙalin ya daina magana ƙasa-ƙasa, yanzu a takarda yake rubutawa ya tura wa magatakarda. Tarar kuwa tana nan yadda take. To me na yi ke nan? Na rasa kwana uku a mako don mutum ya koyi rufe baki.

Asabar, 10 ga Mayu

Matar mai walda ta zo gida. Ban san wa ya nuna mata ba. Ta kawo maƙwabciyarta da takardar sammaci, ta ce in karanta musu kawai. Na ce ni ba lauya ba ce. Ta ce, "Wa ya ce lauya ce ke? Ido gare ki." Na karanta. Na kuma ce akwai wata takarda a durowar magatakarda, na rubuta mata sunanta da harshen kotu a bayan ambulan. Ba a kotu nake ba, a falona nake, ran Asabar. Ban ga wace rantsuwa na karya ba.

Asabar, 17 ga Mayu

Mutum shida yau. Wani direban tasi, mata biyu masu shara a asibiti, wani mai gadi, sauran ban ma riƙe ba. Har ƙasa wasu suka zauna. Uku daga ciki ba su san ranar da aka rubuta musu ta zuwa kotu ce ba, sun ɗauka ranar biya ce. Haka ake kama mu.

Inna ta yi ta dafa shayi tana mita wai an mai da mata gida tasha. Na ce mata daga wannan Asabar ɗin shi ke nan, ba zan mai da shi sana'a ba, ni ma ina da abin da ya dame ni. Ta ce to.

Da yamma na biya kasuwa sayen sabulu, na ga kujerun roba. Na sayi huɗu. Araha suka yi, shi ya sa.