Indararon Malam Yana Cin Ɗakin Inna

Assalamu alaikum Hajiya. Don Allah ki taimaka mini, kaina ya ɗaure. Ni manomi ne a wani ƙauye kusa da Makoda. Mahaifiyata tana zaune a ɗakin laka da marigayi Babanmu ya gina mata. Tun damina biyu da suka wuce gindin bangon yake jiƙewa daga ciki, ƙasa tana zubowa kamar gari. Siminti ya fi ƙarfina a wannan tsadar, sai na sa kafinta ya zagaye gindin bangon da katako don ya rufe wurin. Bai shekara ba ya ruɓe. Na sake wani, shi ma yanzu ya kumbura, ya yi baƙi, gara ta shiga, ɗakin sai warin rima. Inna kuma tari take, har tabarmar sallarta ta yi fumfuna.

Na san daga inda ruwan yake zuwa, abin da ya hana ni sukuni ke nan. Maƙwabcinmu Malam Dabo ya cike tsakar makarantarsa da ƙasa ya ɗaga ta, ya kuma juyo indararonsa, yana zuba daidai bayan ɗakin. Hajiya, a gaban mutumin nan na sauke Alƙur'ani, shi ya yi wa Babanmu wanka ya sallace shi. Na sha tashi zan same shi, in na isa zaure sai in gaishe shi in dawo. Inna ta ce in na yi masa maganar ba ta yafe ba, kuma ba za ta bar ɗakin mijinta ba. Yanzu da hadari ya haɗo, ko a gona nake sai in yar da fartanya in yo gida in tsaya ina kallon bango. In sake katakon ne? Ko in saɓa wa Inna?

Ɗalibin da ya rasa ta cewa

AMSA

Wa alaikumus salam, ɗana. Kada ka sake sayen katako. Ba ya tare ruwa, ɓoye shi kawai yake, ya hana bangon shan iska. Ɓamɓare shi yau, ka kankare ƙasar da ta ruɓe, ka janye gado da kaya daga jikin bango, ka bar taga a buɗe. Aikin gaske a waje yake. Ka tara burji a bayan ɗakin, ka daɓe shi da gangara, sannan ka haƙa magudana ta kai ruwan zuwa hanya. Yaɓe sai rani, in bango ya bushe. Idan ka ga tsaga, ko bangon ya fara yin ciki, kada kowa ya ƙara kwana a ɗakin.

Inna ba rigima take ba, kunyar Malam take ji, kuma ɗakin ne abin da ya rage mata na mijinta. Ka kai ta asibiti a duba tarin. Ka roƙe ta ta koma wani ɗaki na ɗan lokaci, ka nuna mata gyaran ne zai sa ɗakin ya daɗe.

Shi ma Malam, da alama ruwa ne ya kore masa ɗalibai, shi ya sa ya cike wurin da ƙasa. Mai yiwuwa bai taɓa zagayawa bayan ɗakinku ba. Kana yi masa shiru don girmamawa, amma ka tuna ranar da bangon zai faɗi ya ji cewa ka sani ka ɓoye masa. Wannan zai fi yi masa ciwo.

Faɗa Inna take tsoro, to ka tabbatar mata ba ƙara za ka kai ba. Ka je da fartanya da guntun kwanon rufi, ka nemi izininsa ka karkatar da indararon da hannunka. Ɗalibi ya yi wa malaminsa aiki ba abin kunya ba ne. Ka je kafin ruwa na gaba.

Allah ya ba Inna lafiya, ya bar zumuncinku da Malam, ya sa ku ga kaka da alheri.