Ƙorafi Kan Gwajin Inuwa da Ruwa a Ginin Gidan Dare

Zainaba Mode,
Mataimakiyar mai bincike,
Unguwar Ƙofar Rini, Sakkwato.
30 ga Afrilu, 2025.

Zuwa ga:
Mai girma Shugaban Kwamitin Ƙa'idojin Bincike,
Cibiyar Nazarin Ayyukan Gini ta Tudun Rima,
Sakkwato.

Ranka ya daɗe,

GAME DA: YADDA AKA GUDANAR DA BINCIKEN INUWA DA RUWA A KAN LEBURORI, DA ROƘON DAKATAR DA ZANGO NA BIYU

Bayan gaisuwa ta girmamawa. Ranar Litinin 7 ga Afrilu, da na shiga wurin ginin benen da ke Gidan Dare, na ga an ɗaure moɗar randa da igiyar da ba ta wuce kamu biyu ba. Na ɗauka gudun ɓata ne. Sai da rana ta take na gane an gajarta igiyar ne don kada moɗar ta kai hannun wanda ke tsaye a wajen rumfa.

Ni ce Cibiya ta haɗa da Dakta Zulkifilu Sa'ad a bincikensa kan ko inuwa da ruwan sanyi suna ƙara yawan aikin lebura su rage haɗari da kashe kuɗi. Aikina shi ne in zauna in lura. Na rubuta wannan da Hausa don in an karanta wa mutanen da abin ya shafa, su ji abin da aka faɗa da sunansu. Ga ƙorafina:

1. Takardar da Kwamiti ya amince da ita ta ce za a ba rukuni ɗaya rumfa da randa, a bar ɗayan a yadda aka same shi. Ba a bar shi a yadda aka same shi ba. Kafin zuwanmu, dukkan leburorin suna sararawa ƙarƙashin bishiyar dogon yaro da ke bakin ginin, inda Inna Tani mai abinci ke ajiye tulun ruwa kowa ya sha. Dakta ya ce bishiyar za ta dagula sakamako. Ya sa foman, shugaban leburorin, ya kewaye ta da langalanga, aka tashi Inna Tani zuwa bayan katanga. Rukuni na biyu aka mayar da su gefen yamma, aka ba su duron ƙarfe da ke wuni cikin rana, su sha lokacin azahar. Na taɓa ruwan da yatsata. Ana iya dama koko da shi.

2. An raba su ne da ƙuri'a, ni na riƙe kwanon. Wanda ya zaro koren murfin kwalba ya karɓi koriyar hular kwano ya shiga rumfa, wanda ya zaro ja ya karɓi jar hula. An gaya musu Cibiya ce ta kawo musu huluna don kariya. Ba wanda ya gaya musu abin da launin yake nufi, ba kuma wanda ya ce musu suna da damar ƙi.

3. Cikinsu akwai 'yan uwa biyu, manoman gero da suka zo cin rani: Gazali, babba, da ƙanensa Hayatu. Gazali ne ya zaro kore. Ya dubi rumfar, ya dubi inda aka ajiye duron, ya danna murfinsa cikin tafin ƙanensa ya karɓi jan. Ba wanda ya gani sai ni. Tun daga rana ta uku Hayatu ya fara cika hularsa da ruwan randa, ya rungume ta a ciki kamar mai ciwo, ya zagaya bayan tarin bulo ya kai wa wansa. Ranar Litinin 14 ga wata Dakta ya ga jiƙewar rigarsa. A gaban kowa ya ce wannan yaron ya ɓata masa aikin mako guda da hula ɗaya, ya tambayi foman ko a garin nan an rasa masu neman aiki ne. Kafin la'asar an sallami Hayatu. Mutum ne mai mata da ɗa, Ranka ya daɗe, ba yaro ba.

4. Ranar Alhamis 17 ga wata aka zuba kankaren saman bene, aikin da ba a tsayawa sai an gama. Gazali yana cikin masu hawa da kwanon kankare a ka. Bayan azahar na ga ya daina zufa, rigarsa ta bushe ta yi farin gishiri, yana sa ƙafa gefen gadar katakon da ake hawa maimakon tsakiya. Na je na faɗa wa Dakta. Muryata ba ta da ƙarfi, amma ya ji ni, domin ya amsa cewa mai lura ba ya sa baki, kuma dalilin da ya zaɓe ni cikin ɗalibai shi ne ba na magana. A hawa na gaba Gazali ya faɗo daga tsakiyar gadar katakon a kan bulo. Abokan aikinsa ne suka sa shi a keke mai ƙafa uku suka kai shi asibiti. Likita ya ce ƙashin ƙugu ya karye, bana ba zai riƙe fartanya ba, baɗi kuma sai abin da Allah ya yi.

5. A taron sashe na ranar 24 ga wata, Dakta ya nuna faɗuwar a allo a matsayin haɗari ɗaya a rukunin ja, babu ko ɗaya a rukunin kore. Ya ce sakamako mai kyau irin wannan ba kullum ake samu ba. An tafa. Bai je asibitin ba, bai tambayi sunan mutumin ba. Ya dai ce haɗari ɗaya bai isa hujja ba, don haka za a maimaita gwajin da mutane ninki biyu daga Litinin 5 ga Mayu, a yi sauri kafin ruwan farko ya sauka ya sanyaya gari.

Ban musanta amfanin binciken ba. Inuwa tana ƙara aiki. Inna Tani ta san haka, kowane mai ɗaukar bulo ya sani. Abin da na kasa ganewa shi ne mutum nawa za su faɗo kafin a yarda.

Saboda haka ina roƙon Kwamiti da ya dakatar da zango na biyu kafin ranar Litinin, ya sa a cire langalangar da ke jikin bishiyar, ya aika wakili ya ga Gazali, Cibiya ta ɗauki nauyin jinyarsa, a kuma nemi kamfanin da ke ginin ya mayar da Hayatu aiki. An nuna mini cewa wannan takarda za ta iya shafar digirina, tunda Dakta ne mai duba kundina. Na ji, na kuma sa hannu.

Tare da takardar nan akwai koriyar hula guda, kayan Cibiya ne. Jiya da hantsi Hayatu ya yi sallama a ƙofar gidanmu, mahaifina ya kira ni zaure. Na gaida Hayatu, na tambayi jikin wansa, na fara gaya masa zan kai ƙara. Ya saurara har na gama. Sannan ya duƙa ya ajiye hular a bakin tabarma, a kife, ya sa takalmansa ya fita. Cikinta har yanzu akwai zoben da ruwa ya bari.

Allah shi ƙara wa Shugaba lafiya da adalci.

Taka cikin ladabi da biyayya,

Zainaba Mode